Dutsen Adar da Hanyoyinsa: Amanar da Sarauta ta Gada

Duk matafiyin da ya bar Birnin Ƙonni ya nufi gabas, da ya isa mararrabar Tsarnawa ya karkata arewa kan hanyar Tawa, zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Jigawa na ja da baya, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai na tasowa dama da hagu, baƙin dutse a bisa, farar ƙasa a gindi. Wannan shi ne bakin Dutsen Adar, tudun da ya haɗa ƙasashen Ƙonni da Malbaza da Illela, ya zarce har Buza da Kaita. A lokacin da ake bikin cikar sarauta shekara ɗari, an saba a lissafa sarakuna da shekarun mulkinsu. Ya dace kuma a tuna da wannan dutse, domin ya girmi kowace sarauta, kuma ɗaya daga cikin manyan amanonin da sarakuna suka riƙe ita ce kiyaye hanyoyin da talaka ke bi ya hau shi ya sauka ba tare da wani ya tare masa gaba ba.

Yadda dutsen yake

Dutsen Adar ba tsauni guda ba ne mai tsini. Tudu ne mai faɗi wanda ruwa ya yayyanka tun zamanin da, ya bar kwaruruka a tsakani. Birnin Ƙonni na zaune ƙasa da mita 300 bisa doron teku, amma can arewa maso gabas, wajen Kaita, tudun ya haura mita 600. Manyan kwaruruka su ne na Majiya, da na Badagishiri, da na Kaita. Majiya ta taso daga wajen Buza, ta gangaro kudu maso yamma ta ƙasar Dogarawa da Ƙonni, ta tsallaka iyaka, ruwanta ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya.

Wanda ya hau daga kwari zuwa bisa zai taka ƙasa iri huɗu. Da farko fadama, inda laka take da gawo da lambuna. Sai jigawa, gonakin hatsi da wake. Sai gangare mai tsakuwa da kwazazzabai, inda farin dutse ke leƙowa. Daga ƙarshe sai kan tudu, inda marmara ta rufe ƙasa kamar murfin tukunya, ga fako shimfiɗe, ga geza da sabara da anza nan da can.

Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ce kwance a wannan wuri, ta ratso Sahara. Farin dutsen gangare ragowar halittun wannan teku ne, shi ya sa yara masu kiwo ke tsintar duwatsu masu siffar ƙwanson dodon koɗi. Wannan jijiyar farin dutse ita ce ta miƙa har Kalambaina kusa da Sakkwato, kuma ba banza ba aka kafa masana'antar siminti a can da kuma nan Malbaza. Marmarar da ke bisa kuwa tana ɗauke da tama, wadda maƙeran Adar suka daɗe suna narkarwa su fitar da ƙarfen hauya da gatari da mashi, tun kafin ƙarfen Turawa ya shigo kasuwa.

Mafaka a zamanin yaƙi

Tarihin wannan yanki tarihi ne na ƙasa mai albarka da ke tsakanin manyan dauloli. Ƙonni ta yi zama ƙarƙashin Kabi, ta yi zama ƙarƙashin Gobir. A shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci galaba kan Kabawa ya karɓe Adar, kuma daga zuriyarsa ne sarautar Sarkin Adar ta fito, wadda daga baya ta zauna a Illela. Wannan Illela ta Adar ce, ba Illelar da ke tsallaken iyaka daura da Ƙonni ba. Shehin malamin tarihi Jibo Hamani ya yi cikakken bincike kan wannan zamani a littafinsa na tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975.

A 1804, bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu, Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci, kafin gwabzawar Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, Adar ba ta san dogon kwanciyar hankali ba: ga ikon Sakkwato daga kudu, ga Abzinawan Kel Geres da na Azawak suna karɓar haraji, suna kai hari. A irin wannan hali, dutse shi ne ganuwar wanda ba shi da ganuwa. Doki da raƙumi ba su jin daɗin gangare mai tsakuwa, mai baka kuwa da ke bisa yana hango maharin tun daga nesa. Ƙauyuka da yawa sun zauna a jikin dutse ko a gindinsa, a sauka kwari a yi noma, a koma bisa idan ƙura ta tashi. Hanyoyin ƙafa da ke hawa ta cikin kwazazzabai a lokacin aka fi tattake su, kuma kowane ɗan gari ya san su kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa.

Bala'i mafi muni ya zo a watan Mayu na 1899, sa'ad da rundunar Faransawa ƙarƙashin Vule da Shanuwan ta faɗa wa Birnin Ƙonni, bayan gumurzun da ta yi da Sarauniya a Lugu. An karkashe jama'a ba adadi, an ƙone gari. Labarin ta'asar da suka riga suka yi tun kafin wannan ya kai har Faransa, aka turo Kanar Kulob ya tsayar da su, Vule kuwa ya sa aka harbe shi a watan Yuli kusa da Tasawa, kafin sojojinsu su juya musu baya su kashe su. Waɗanda suka tsira a Ƙonni, daji ne ya ɓoye su har suka dawo suka sake tayar da gari.

Iyaka, kanto da saukowa daga dutse

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana wani da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni a hannun Ingilishi bisa takarda. Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da isasshen ruwa, sai suka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka sauko da iyaka kudu, tawagar Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila ta bi ta kakkafa alamomi, Ƙonni ta faɗo ɓangaren Faransa. Abin lura a nan shi ne, iyakar ƙasa da ƙasa kanta, batun hanya da rijiya ne ya tsayar da ita.

A waɗannan shekaru ne Turawa suka tsara ƙasa kanto-kanto, suka tabbatar da wasu gidajen sarauta na asali, suka ɗora musu karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Da hare-hare suka ƙare, sai jama'a suka riƙa saukowa kusa da fadama da rijiya da kasuwa, aka bar kufai a bisa. Amma ba a bar dutsen ba. Aikinsa ne ya sauya: daga mafakar mutane ya koma makiyayar dabbobi da rumbun talaka.

Dokar da ba a rubuta ba

A al'adar wannan ƙasa, gona tana da mai ita, amma dutse na kowa ne. Wanda kakansa ya sare daji ya yi gona, gonar ta gidansu ce. Abin da ba a taɓa sa wa hauya ba kuwa, yana hannun sarki da hakimansa da masu gari a matsayin amana, ba a matsayin dukiya ba. Daga wannan tushe ne haƙƙoƙi da dama suka fito, waɗanda kowa ya sani ko da babu takarda.

Da damina, idan shuka ta rufe kwari da jigawa, dabbobi bisa dutse suke hawa, ta burtalin da manoma suka bari tsakanin gonaki. Ba su saukowa sai an kawar da amfanin gona an yi shelar sakin gonaki. Mata na hawa neman itace da ganye, masu magani na neman saiwa da sassaƙe, magina na ɗibar dutse, yara na tsinkar magarya da aduwa. Mai zuwa cin kasuwa a kwarin da ke bayan tudu ba ya zagaye, sai ya yanke ta bisa, shi da jakinsa, babu mai tambayarsa inda ya nufa. Maharba ma na da ƙa'idarsu: a al'adar Azna ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji. Garin Masallata da ke dab da Ƙonni ya yi suna a duk faɗin Nijar saboda bikin arwa, inda dattawan Azna ke duban abin da shekara za ta zo da shi. Ko da yake Musulunci ya game ƙasa, wannan tsohon tsari ya bar darasi guda: daji yana da lokacin buɗewa da na rufewa, amma idan an buɗe, an buɗe wa kowa ne.

A shekarun yunwa ne darajar wannan haƙƙi ta fi fitowa fili. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, har da ƙarancin abinci na 2005, ƴaƴan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki don cire ɗaci, da ganyen jiga, sun riƙe rayukan gidaje masu yawa. Da a ce an killace dutsen a lokacin, da wanda ba shi da rumbu ba shi da inda zai nufa.

Sa'ad da dutse ya yi kuɗi

Bayan samun ƴancin kai a 1960, abubuwa uku suka sauya matsayin dutsen. Na farko shi ne siminti. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe masana'antar Malbaza, wadda ta daɗe ita kaɗai ce irinta a ƙasar, daga baya aka gina sabuwa da ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Farin dutsen da ba a kula da shi ba ya zama arziki, ya samar da aikin yi, ya mai da Malbaza gari, har ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Gine-gine da shimfiɗa kwalta su ma suka buɗe wuraren haƙar marmara da tsakuwa a gefen tuddai.

Na biyu shi ne noman rani. Tsakanin 1976 da 1982 aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a kan Majiya, da ma'ajiyar ruwa ta Cerasa, domin shayar da filin noma fiye da hekta 2,000 a kewayen Ƙonni. Albasar Galmi kuwa sunanta ya kai kasuwannin Abijan da Akara. Sai dai duk ƙasar da ruwan sama ya kwaso daga tsiraicin tudu, a cikin waɗannan madatsai take kwantawa. Shekaru suka cike su da laka da yashi, har sai da aka sake babban aikin gyaran filin noman a ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016. Wannan ya nuna cewa mai lambu a kwari da mai akuya a bisa dutse, igiya ɗaya ta ɗaure su.

Na uku, wanda ya fi taɓa batun hanya, shi ne farfaɗo da fako. Bayan farin 1984 aka fara babban aikin Kaita da taimakon Italiya. A ƙasar Illela kuma, wani aiki da asusun FIDA ya tallafa ya kai wasu manoma ziyara Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan ƙasa mai tauri, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, a shuka hatsi. Da suka dawo suka gwada, aka kira abin tassa, aka haɗa da rabin wata da jeren duwatsu masu tare ruwa. Cikin ƴan shekaru dabarar ta bazu daga gona zuwa gona a kewayen Badagishiri, maƙwabci na koyo daga maƙwabci. Fakon da ko ciyawa ba ya fitarwa ya ba da damman hatsi, itatuwa suka tsiro, a wasu ƙauyuka irin su Batodi ruwan rijiyoyi ya taso. Masana daga ƙasashen duniya sun zo sun gani sun rubuta, kuma abin alfahari ne ga Adarawa.

Amma alheri ya zo da ƙanensa. Masu binciken sun lura cewa fako ya shiga kasuwa: ƙasar da a da ko kyauta ba a karɓa, sai ga ta ana saye ana sayarwa, kuma mai abin hannu shi ya fi iya saye ya ɗauki ƴan ƙodago su haƙa masa. Duk filin da aka farfaɗo ya zama gona, an rage shi ne daga makiyaya. Jama'a na ƙaruwa, garuruwa na faɗaɗa ana yanka filayen gini har gindin tudu. Burtali na ƙanƙancewa taku bayan taku, kowace damina manomi ya ƙara kunya ɗaya. Hanyar da tsohuwa ta bi shekara hamsin tana ɗauko itace, wata rana sai ta tarar da shingen ƙaya ko na waya.

Abin da doka ta tanada

Hukuma ba ta yi barci kan wannan batu ba. Rikicin Toda a jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda mutane fiye da ɗari suka rasa rayukansu a faɗan manoma da makiyaya, ya girgiza ƙasa. A ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar da ta kafa tushen kundin tsarin karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma samar da kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, a matakin gunduma da na ƙaramar hukuma da na gari, inda sarakuna ke zama tare da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa zirga-zirgar makiyaya haƙƙi ne, burtali da makiyaya dukiyar al'umma ce, ba a toshe su, ba a mallake su. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 kuma ta tabbatar wa sarakuna ikon sasanta rigingimun filaye kafin a kai gaban alƙali.

Sai dai dokokin sun fi ba da ƙarfi ga hanyar dabbobi. Siririyar hanyar ƙafa, wadda mai itace da ɗan makaranta da mai zuwa jana'iza a ƙauyen bayan dutse ke bi, sau da yawa babu ta a taswira, babu ta a takardar ciniki. Tana rayuwa ne a cikin tunanin dattawa kawai. Ranar da dattijon ƙarshe da ya san asalinta ya kwanta dama, shaidarta ta tafi tare da shi.

Darasi daga wata ƙasa

Abin da ya faru a Ingila ya isa ishara. A can, masu hannu da shuni sun killace tuddai da dazuzzukan da a da na jama'a ne, suka mai da su wuraren farautarsu. A ranar 24 ga Afrilu 1932, ɗaruruwan ma'aikata daga biranen Mancesta da Shefil suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da gangan, don nuna cewa suna da haƙƙin taka ƙasarsu. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1949 aka yi dokar farko kan wuraren shaƙatawa na ƙasa, cikakken ƴancin yawo a irin waɗannan tuddai kuwa sai a dokar shekarar 2000. Shekara 68 ke nan ana neman abin da aka rasa. Su don shan iska suke hawa. Mutumin Adar da na Ƙonni kuwa don tuwon dare yake hawa. Idan mai yawon buɗe ido ya yi irin wannan fafutika, ina ga wanda abincinsa ke bisa?

Amanar shekaru ɗari masu zuwa

A nan har yanzu ba a rasa ba, shi ya sa gyara ke da sauƙi. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abu na farko, kowane mai gari ya tara dattawa, maza da mata, manoma da Fulani da Buzaye, a bi hanyoyin dutse da ƙafa, a ambaci kowace da sunanta, a kai wa Kofo ta rubuta, a kafa alamomi. Na biyu, duk takardar cinikin fako da za a kawo wa sarki ya sa hannu, a bayyana cikinta hanyar da ta ratsa filin, da sharaɗin ba za a toshe ta ba. Na uku, idan za a farfaɗo da wani tudu, a ware rabon makiyaya tun kafin a sa diga, a kuma faɗa wa jama'a shekarun da za a hana shiga don itatuwa su kama, da ranar buɗewa. Na huɗu, masu haƙar dutse su bar mashiga, su kuma cike ramukan da suka gama da su. Na biyar, malaman makaranta su riƙa hawa da ɗalibai, su nuna musu kufai da wuraren narkar da tama da ƙwanson tsohuwar teku, domin yaron da ya san dutsen garinsu ba zai yarda a sayar da hanyarsa ba. Matsalar ɓarayin daji da ta addabi yankunan iyaka a shekarun nan ta sa wasu na ɗari-ɗarin shiga daji, amma dajin da masu shi suka daina takawa shi ne ɓarawo ke mayarwa gida.

Ana auna sarki da fadar da ya gina da baƙin da ya sauka. Talaka kuwa yana da nasa ma'auni: ko ya iya fita daga ƙofar gidansa ya hau dutse ya sauka ɗaya gefen ba wanda ya ce masa koma. Sarakunan da suka gabata sun karɓi wannan dutse a buɗe, sun miƙa shi a buɗe. Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin masu riƙe da sanda a yau, ya ba su ikon miƙa shi ga na baya kamar yadda suka same shi.